Ranar da Maharazu Daga-Nesa Ya Rufe Ƙofofi

Duk wanda ya ce unguwar Madabo ta daina haihuwar gwanaye, to bai taɓa ganin Injiniya Maharazu yana tsallaka kwata ba. Hannu ɗaya riƙe da jakar laftof, ɗaya ya ɗage bakin wando, ido yana sama kamar mai karanta wani rubutu a jikin gajimare wanda sauran bayin Allah ba su kai ga gani ba. Takalminsa sau-ciki ne, baƙi wuluk, yana sheƙi har ƙuda kan tsaya ya duba fuskarsa a ciki kafin ya wuce. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin komai, ya kuma ƙara masa da baiwar sanar da mutane cewa ya sani.

Injiniyancin nasa ya samo shi ne a wani kwas na 'yan makonni a Abuja. Takardar shaidar da ya rataye a shago ta fi kwas ɗin tsawo. A shagon yana zuba wa mutane wa'azi a waya, yana wanke hoton fasfo, amma allon da ke bakin ƙofa cewa ya yi: Cibiyar Tsaron Na'urori ta Afirka ta Yamma. Kada mai karatu ya yi dariya. Afirka ta Yamma ba ta taɓa zuwa ta ce ba ta yarda ba.

A unguwa kuwa Daga-Nesa ake ce masa, kuma ya ci sunan. Ta'aziyya daga nesa yake yi, da saƙon waya mai hoton hannu biyu a ɗage. Dubiya daga nesa. Ɗaurin aure daga nesa, sai dai a aiko masa da shinkafarsa. Ko ragon layya daga nesa ya saya wata shekara, aka kawo masa wani bawan Allah mai tari kamar tsohon direban tifa. In aka ce masa, ai Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "An yi wannan karin maganar ne kafin a kawo sabis."

Al'ada guda ce ta gargajiya da Injiniya ya riƙe hannu bibbiyu, ita ce kunyar suruka. Sauran mazan da ke auren 'ya'yan Hajiya 'Yardada, in sun zo gaisuwa, sai su tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, su tsuguna a bakin ƙofar ɗakinta, kai a ƙasa, su gaishe ta tana amsawa ta bayan labule. Shi kuwa tun da aka ɗaura masa aure da Aminat bai taɓa wuce zaure ba. Nan yake tsayawa ya kira Bahijja, ƙanwar matarsa, ya ce, "Ki isar wa Hajiya da gaisuwata." Dattawa suna ta yaba masa, suna cewa kai, yaron nan akwai kunya. Allah kaɗai ya san cewa tsugunno yana karya karin guga, kuma takalmi irin nasa ba a yi shi don a bar shi a inda kaji ke yawo ba.

To, marigayi Malam Musa, mijin Hajiya, ya bar wa iyalinsa wani gado da ba a raba shi: kaset-kaset. Yana da rikoda tun zamanin da rikoda take abin kallo, kuma ba abin da bai ɗauka ba. Karatunsa, hirarsa da baƙi, faɗansa da yara, da gaisuwar da yake aika wa ƙanensa Mikail a Makka ta hannun alhazai, wadda kullum sai ya bar wa kansa kwafi. Bahijja ce ke adana su cikin wata tsohuwar kwalla. Da suka fara cinyewa, zare yana tsinkewa, murya tana ja kamar mai magana a cikin rijiya, sai dangi suka miƙa wa Injiniya ya juye su a kwamfuta. Ya juye. Wasu ma juyawar nan ita ce numfashinsu na ƙarshe. Sai dai bai saurari ko ɗaya ba, ya rage sauti ya bar na'ura tana aikinta. Babban mutum ba ya zama jin kaset.

Shi kuwa Baffa Mikail, tun yana saurayi ya tafi Makka, can ya yi aure, can ya tsufa, ido ya tafi ya bar masa kunne. Nasa kaset-kaset ɗin sun salwanta a wani tashi da suka yi. Da ya ji labarin an juye na gida, kullum sai ya sa jikansa Abdulbaqi ya kira. Buƙatarsa ɗaya: a jiyar da shi muryar Yayansa, musamman wanda 'yan gida ke kira kaset ɗin akuya.

"Ku gaggauta," in ji shi, "ni ban yi alkawari da gobe ba."

Bahijja ta leƙo zaure ta ce, "Yaya Injiniya, a tura masa ta wasap mana, yanzu-yanzu ya ji."

Injiniya ya dafe ƙirji kamar an soke shi.

"Wasap! Muryar Malam a wasap, tsakanin tallan atamfa da hoton miyar wani? Bahijja, ban ga laifinki ba, iyakar inda karatunki ya tsaya ke nan. Abin da zuri'ar nan take buƙata shi ne saba. Saba kwamfuta ce da ba ta barci. Tana zaune wuri guda, amma wanda aka ba mukulli zai shige ta daga ko'ina a duniya, daga Makka, daga Legas, daga cikin jirgin sama in ya so. Wannan shi ne ilimin shiga daga nesa, kuma a faɗin Madabo, har Gwammaja, har Dukawuya, mutum ɗaya ne ya riƙe shi. Ba sai na faɗi suna ba."

Don ƙarin tsaro, ya bi wayoyin gidan ya goge 'yan guntayen muryoyin da aka riga aka tura wa juna. Malam Musa gaba ɗayansa ya koma cikin akwatin ƙarfe guda, mai girman bulo. A jikin akwatin kuma Injiniya ya manna wata 'yar na'urar dangwale da ya sayo, wadda ba ta san kowa ba a duniya sai babban yatsansa na dama.

Saura inda za a ajiye. Kwamfutar da ba ta barci tana son wutar da ba ta ɗaukewa, kuma a duk dangi ɗaki ɗaya ne ke da wannan gata: ɗakin Hajiya, inda 'ya'yanta suka sa mata sola da intanet don ta riƙa gaisawa da mutanen Makka. Wani injiniyan da ya tsorata. Namu kuwa sai ya ga dama ce ta nuna ƙarshen ilimi. Ya shirya komai a shagonsa, Aminat ta ɗauko akwatin a fanteka, an rufe da sabon zane kamar kayan gara, ta shiga da shi.

Hajiya ta dubi abin ta ce, "Mene ne a ciki?"

"Muryar Malam ce, Hajiya."

Hajiya ta yunƙura. Ta sauko daga gadonta na ƙarfe mai rumfa duk da ciwon gwiwa, ta janye tasoshi, ta share ƙarƙashin gadon da hannunta, can ƙurya inda sanyi yake, inda take ajiye abin da ba ta son ido ya gani. Ta sa aka tura akwatin ciki aka jona. Sannan ta ɗebo garwashi ta sa turare.

Da yamma Injiniya ya zauna a teburin mai shayi, ya buɗe laftof, ya nuna wa jama'a wani baƙin allo mai ƙananan fararen rubutu.

"Kun san ina nake yanzu? Kuna ganina a nan, ko? To ina ɗakin surukata. Wallahi ina ciki. Ba sallama, ba tsugunno, takalmina a ƙafata. In na ga dama in shiga sau goma kafin shayin nan ya huce."

Sabis yana da sauri, amma bai kai bakin Madabo ba. Daga mai shayi magana ta je wurin mai markaɗe, daga mai markaɗe ta bi bokitin ƙullu ta shiga gida. Kafin magariba ta isa kunnen Hajiya. Ta gama jan carbinta tsaf, sannan ta ce, "To."

Wanda ya san Hajiya 'Yardada ya san gara ta yi faɗa da ta ce to.

Aiki irin wannan ba a buɗe shi a ɓoye. Injiniya ya sa ranar Asabar bayan la'asar, ya kira abin Bikin Buɗe Ƙofa, ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Ƙofa ba tare da ya wahalar da masu naɗi ba. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka aro bencina daga makarantar Islamiyya, aka rataye farin zanin gado a bango ana haska allon laftof a jiki don kowa ya gani. Maza a waje, mata sun cika zaure suna leƙe. Aka jingina waya a jikin butar shayi, ga Abdulbaqi a Makka da tasa kwamfutar da mukullin da aka aika masa, ga Baffa Mikail kusa da shi, ya sha farar jallabiya, ya karkato da kunne.

Sarkin Ƙofa ya miƙe cikin shadda mai maiƙo, ya gyara hula.

"Jama'a, na'urar nan da ke cikin gida, birni ce kamar birnin Kano. Tana da ƙofofi masu yawa. A wannan lokaci da nake magana, akwai ɓarayi a ƙasashen da ko sunansu ba za ku iya faɗa ba, ba sa barci, ba sa cin abinci, ba abin da suke nema sai kaset ɗin Malam Musa."

"Subhanallahi!" in ji jama'a.

"Amma sun makara. Kakanninmu sun gina ganuwa da laka. Ni na gina tawa da ilimi. Kafin in buɗe wa Baffa hanya, zan rufe wa azzalumai tasu, a gabanku, ɗaya bayan ɗaya. Kuma ku lura, daga nan zan yi. Ƙafata ba za ta motsa ba."

Ya zauna. Ya kaɗa yatsu kamar makaɗin kalangu zai fara. Ya rubuta wani abu, ya ɗaga hannu sama.

"Ƙofar Nasarawa!" Ƙwas! "A rufe!"

Wani ya ce, "Allahu akbar!"

"Ƙofar Wambai!" Ƙwas! "A rufe!"

"Sai Injiniya!"

"Ƙofar Mazugal! Ƙofar Ruwa! Kabuga!"

Wata tsohuwa a zaure ta rangaɗa guɗa. Abin da ya ƙarasa shi ke nan. Tun ranar aurensa ba a yi masa guɗa ba, ita ma waccan ta Aminat ce ya raɓa. Ya miƙe tsaye, yana buga madannin laftof da yatsa ɗaya yana juyi, shadda tana walƙiya, yara suna amshi, "A rufe! A rufe!" Ya rufe Ɗan'agundi. Ya rufe Gadon Ƙaya. Da ƙofofin Kano suka ƙare masa sai ya shiga ara daga Zariya da Katsina. A jikin zanin gado jerin ƙofofin yana ta raguwa, har ya rage layi ɗaya tal.

Kawu Hashim, yayan Hajiya, dattijo mai son ya ga an gama aiki da kyau, ya nuna da sandarsa.

"Wancan na ƙasan fa, Injiniya?"

"Wannan ita ce ta ƙarshe, Kawu."

"A buɗe take?"

"A buɗe take."

"To ai ɓarawo ba ƙofa goma yake nema ba, ɗana. Guda ta ishe shi."

Jama'a suka ce, "Gaskiya ne! Wallahi gaskiyar Kawu!"

A nan fa wata 'yar murya ta motsa can cikin kan Injiniya. Ya tuna mutumin da ya koyi aikin nan a bidiyonsa, ya tuna da mutumin ya zo kan ƙofar ƙarshe ya ɗaga hannuwa biyu, ya zaro ido, ya fara wani gargaɗi, daidai nan kuma data ta ƙare. Bai koma ya ƙarasa ba, don ya riga ya gane inda maganar ta dosa, kamar yadda yake gane komai. Me mutumin nan ya so ya ce? Kafin ya kamo zaren, tsohuwar nan ta sake sako guɗa, wadda ta fi ta farko tsawo. Guɗa kuwa ta fi tunani zaƙi.

"Kawu," ya ce, yana duban taro, "ana Sarkin Ƙofa a bar ƙofa a buɗe? A rufe!"

Ƙwas!

Aka yi tafi har tantabarun maƙwabta suka tashi. Sai dai ƙofar da ya rufe, ita ce wadda shi kansa yake tsaye a cikinta.

Ɗan farin ɗigon da ke ƙiftawa a jikin allo ya tsaya cak. Injiniya ya taɓa madanni, shiru. Ya ƙara taɓawa, shiru. Can sai wani gajeren layi na Turanci ya fito.

"Me ta ce?" in ji Kawu Hashim.

"Godiya take yi, Kawu. Haka suke yi."

Daga zaure Bahijja ta ɗaga murya, "Yaya Injiniya, ni dai a ɗan karatuna da ya tsaya a hanya, kamar cewa ta yi ba ta san ka ba!"

Mata suka kwashe da dariya. Injiniya ya yi kamar bai ji ba. Ya rufe laftof ya buɗe. Ya ɗaga ta sama ya juya gabas. Ya ce sabis ne. Ya ce hadari ne ya tare tauraron ɗan'adam, alhali sama tas take kamar an wanke. Ya ce matsalar daga Makka ce.

"A'a, Kawu Maharazu," in ji Abdulbaqi ta cikin waya, "ɗazu ina ganin ƙofar, yanzu ta ɓace. Nan ma ta rufe."

Sai Baffa Mikail ya matso da fuskarsa har ta cika wayar.

"An fara ne? Ban ji komai ba. Abdulbaqi, an sa ne ban ji ba? Ko kunnen ma ya bi idon?"

Dariya ta ɗauke kamar an hure fitila. Kowa ya juyo ya dubi Sarkin Ƙofa. Shi kuma gumi ya fara yi wa shaddarsa zane a baya. Ya gina ganuwar da ba ɓarawon da zai haura, gaskiya ne. Ga ta nan ta tsaya ƙyam, Malam Musa a ciki, duniya duka a waje, har da magini. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

"Ƙaramin abu ne," ya ce, murya ta ɗan sirance. "Sai an taɓa na'urar da hannu. Bahijja, je ki ce a fito da ita."

Bahijja ta shiga. Ba ta daɗe ba ta dawo, wannan karon ba dariya a fuskarta.

"Hajiya ta ce, sau ɗaya aka fitar da Malam daga ɗakin nan. Ba za a yi na biyu ba."

Dattawa suka sunkuyar da kai. Injiniya ya yi maza ya sake dabara.

"To, to wani ya shiga, in riƙa gaya masa abin da zai danna."

"Ba kai ka ce ba ta san kowa ba sai babban yatsanka?" Dariyar ta dawo idon Bahijja. "Ko a ciro yatsan in kai mata? Wuƙar layya tana nan, jiya aka wasa."

"To Hajiya ta ɗan koma ɗakin wata, na ɗan lokaci."

Bahijja ta sake shiga, ta sake fitowa, tana cije leɓe.

"Ta ce gwiwarta ta tashi. Ta kuma ce ka shigo kawai, ai ta ji an ce ka saba."

Komai nisan jifa, ƙasa zai faɗo. Kawu Hashim ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi ya ce, "Tashi, ɗana. Tsoho yana jira."

Tarihin Madabo ba zai manta da wannan tafiya ba. Sarkin Ƙofa a gaba, ya rungume madanni da wani ɗan ƙaramin allo, igiyoyi suna jan ƙasa. Bahijja a baya riƙe da wayar Makka kamar mai rakiyar amarya da fitila. Ya wuce zaure. Ya wuce soro na biyu, inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. Ya faɗo tsakar gida, mata sun dare biyu sun ba shi hanya, kowacce ta toshe baki da gefen mayafi. A gaban kaji da turmi da igiyar shanya, ya sunkuya ya kwance takalmin nan.

Ashe sheƙin duk a waje yake. Safar ƙafar dama ta huje, babban yatsa ya leƙo yana gaida jama'a.

Ya tsuguna a bakin ƙofa. Karin guga ya karye, har sai da aka ji kamar ƙararsa.

"Salamu alaikum. Hajiya, barka da yamma. An wuni lafiya?"

Hajiya tana zaune a tsakiyar gado, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wa ƙofa baya kamar yadda kunya ta tanada. Ba ta amsa masa ba, 'yarta ta amsa wa.

"Bahijja, ce masa lafiya lau. Ce masa yau kuma da sallama aka zo."

Ba a miƙe tsaye a gaban suruka. Da rarrafe ya shiga. Da ya iso bakin gado ya leƙa, sai ya hango 'yar koriyar fitilar akwatin can ƙurya, tana ƙifta masa ido. Igiyoyin gajeru ne, shi da kansa ya yanke su don kada wani ya ja. Ya dubi hagu, ya dubi dama, bai ga wata ƙofa ba. Ya kwanta rubda-ciki ya kutsa.

Ƙarƙashin gadon Hajiya wata duniya ce. Ƙamshin turare, warin daddawa, goro a cikin jiƙaƙƙen algarara, tasoshin da aka yi wa jere tun kafin a haife shi. Ragar gadon ta lotso daidai inda Hajiya take zaune, tana shafar ƙeyarsa. Hula ta tuɓe ta gangara cikin wata tasa. Abin da ya rage a waje, wanda mata suke gani daga ƙofa, wanda Abdulbaqi yake gani daga Makka, shi ne ƙafafu biyu da yatsa guda.

Ya jona allo a saitin hancinsa. Ya dangwala yatsa. Na'urar ta ƙi, gumi ya yi yawa. Ya goge a jikin shaddar da ya hana kowa taɓawa tun safe, ya sake dangwalawa, yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, har da ta shiga kasuwa. Ta karɓa. Da yatsa ɗaya, ba kirari, ba guɗa, ya lallaɓa ya buɗe ƙofar da ya rufe.

"Ta buɗe!" in ji Abdulbaqi. "Na shiga! Baffa, na shiga! Ga kaset ɗin akuya nan!"

Bahijja ta matso da waya. Daga Makka, ta cikin 'yar wayar da ke hannun Bahijja, aka ji shuuu irin na tsohon zare, sannan gyaran murya. Hajiya ta ɗago kai.

"Bismillahi. Mikailu ƙanena, ina gaishe ka, gaisuwa irin ta addinin Musulunci. Mutanen gida duk suna lafiya. Damina ta yi kyau bana, sai dai soron baya ya ɗan... Kai! Kai! Wa ya bar ƙofa a buɗe? 'Yardada! 'Yardada, ga ta nan ta shigo! Ta shige ƙarƙashin gado! Kamo ƙafarta! Ja ta waje, ja'ira, ba ta da aiki sai shiga inda ba a kira ta ba!"

A bayan muryar Malam kuma ga wata yarinyar mace tana ƙyalƙyala dariya har tana shiɗewa.

Mayafin Hajiya ya fara rawa. Kafaɗunta suka ɗauka. Daga nan gadon gaba ɗaya ya kama girgiza, raga tana sauka a ƙeyar Injiniya, ƙwan, ƙwan, ƙwan, kamar ana sakin guduma. Matan da ke ƙofa suka zube a kan juna. Aminat ta zauna daɓas a kan turmi tana riƙe ciki, tana cewa a yafe mata, a yafe mata. A Makka kuwa Baffa Mikail yana dariya hawaye na bin gemunsa.

"Yaya ne! Wallahi Yaya ne! Haka yake, bai taɓa gama gaisuwa ba akuya ta bar shi! Abdulbaqi, mayar, mayar daga farko!"

Aka mayar. Aka kuma mayarwa. Injiniya yana kwance, haɓa a ƙasa, yana sauraron kaset ɗin surukinsa karo na farko a rayuwarsa, kuma ba wanda zai ce bai saurara da kyau ba. Duk sanda Malam ya ce kamo ƙafarta, sai yatsan nan ya noƙe cikin safa da kansa.

Da Baffa ya samu numfashi, ya share ido ya ce, "Allah ya yi wa wanda ya yi aikin nan albarka. Yana ina? Ku ba ni shi in gode masa."

"Yana nan, Baffa," in ji Bahijja. "Bai dai fito ba tukuna."

Da baya-baya ya fito, yana da yanar gizo a gemu, ƙwallon daddawa ya manne a kafaɗa, hula a hannu. Da baya-baya ya rarrafa har bakin ƙofa. A can ya tarar da akuyar Hajiya, jikar jikar waccan ta cikin kaset, ta gama da igiyar takalmi ɗaya tana duba fuskarta a ɗayan.

Amma gwani gwani ne. Yana tsugune, ya kakkaɓe gaban riga, ya gyara murya, ya dubi matan gida.

"Abin da kuka gani yanzu, shi ake kira shiga ta kusa. Mataki ne na sama, ba kowane injiniya ake bari ya kai..."

"Bahijja," in ji Hajiya, fuska tana bango, murya tana rawa da sauran dariya.

"Na'am, Hajiya."

"Ce wa mijin yayarki an gode, Allah ya yi albarka. Ce masa in zai tafi ya ja mana ƙofar, kada akuya ta shigo." Ta ɗan tsaya ta gyara mayafi. "Da hannu."